Filin Tsirrai Da Itatuwa: Zanen Da Ke Bayan Ganye Ba Cuta Ba Ne

Yau za mu dakata da maganar itatuwan katako da muka faro, saboda wata takarda da ta iso mana daga Ikko, wadda na ga bai kyautu a bar mai ita yana ta jira ba. Mai takardar wani ɗan'uwanmu ne daga ƙasar Katsina, yana aikin lambu a wani babban gida a Ikoyi. Ya ce uwargidan ta sayo wani tsiro a tukunya da kuɗi masu yawa, ganyensa dogaye masu sheƙi kamar ƙananan ganyen ayaba, sun fito daga gindi ɗaya sun yi kewaye, tsakiyarsu ta yi rami kamar kwando. Ya yi wata 8 yana kiwonsa lafiya lau. Ran nan ya ɗaga ganye ɗaya don ya goge ƙura, sai ya ga bayansa duk ya yi zane-zane masu launin ƙasa a jere, in ka taɓa sai wani gari ya biyo yatsanka. Hankalinsa ya tashi. Ya sa reza ya kankare, ya yanke ganye 4 da abin ya fi yawa, sa'an nan ya fesa wa sauran maganin ƙwarin da ya ke fesa wa tumatir. Kafin mako ya zagayo ganyen suka ƙone, uwargida kuwa ta ce za a cire kuɗin tsiron daga albashinsa. Tambayarsa biyu ce: wace irin cuta ce wannan, kuma tun da wanda ya sayar da tsiron ya ce a kan itace ya ke fitowa, shin wani irin kauci ne? Ya kuwa yi dabara, ya sako guntun ganyen cikin ambulan.

Malam, na duba ganyen da ka aiko. Ba zan ɓoye maka ba, tsiron nan lafiyarsa ƙalau har ranar da ka sa masa reza. Zanen da ka gani shaida ce ta cewa ya ji daɗin hannunka har ya balaga ya soma haihuwa, garin nan kuwa da ya biyo yatsanka shi ne irinsa. Amma tun da abin ya kai ga albashi, bari mu bi shi daki-daki, yadda in ka koma gaban uwargida za ka yi bayani irin na wanda ya san abin da ya ke faɗi.

Tsirran da muka saba da su, tun daga gero har kuka, hanyarsu ɗaya ce, watau su yi fure, furen ya zama ɗa, a cikin ɗan a sami ƙwayar iri. To, akwai wani babban dangi na tsirrai wanda ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba shi da ƙwayar da za ka ɗauka ka binne. Masana sun ƙidaya irinsu fiye da 10,000 a duniya, yawancinsu a ƙasashe masu zafi da ruwan sama. Hausa ba ta da suna guda da ya game su duka, wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin ƙasar Hausa ta dogon rani ce, su kuwa 'yan inuwa da laima ne. Amma muna da sunayen ɗaiɗaikunsu. Likita Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai da Hausa aka buga a 1916, ya rubuta agugu, watau saiwar nan da masu magani ke sayarwa saboda tsila, ya rubuta dafaddu, mai ganye kamar yatsun hannu da ke manne a jikin itace, ya kuma rubuta mashin zomo. Don sauƙin magana zan riƙa kiransu duka dangin agugu. Yawancinsu suna da wata ɗabi'a da ko yaro zai gane: sabon ganye yana fitowa a naɗe kamar ƙadandoniya in an taɓa ta, sa'an nan ya riƙa warwarewa daga ƙasa zuwa sama.

A cikin wannan dangi akwai wani gida da masana ke kira Asplenium, mai iri wajen 700, kuma tsiron uwargidanka ɗan wannan gida ne. Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya tabbatar da sunan a littafinsa na 1753, amma kalmar ta girme shi nesa ba kusa ba. Girkanci ce, daga sunan saifa aka samo ta. Dioscorides, wani likita da ya rayu a ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya rubuta cewa ana dafa wani ƙaramin ɗan gidan nan mai fitowa a jikin duwatsu a sha saboda ciwon saifa. An fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, maganar ta yi ta yawo daga wannan littafi zuwa wancan, har sunan ya bi tsiron zuwa yau. Sai dai kada wani ya karanta wannan ya je ya tafasa ganye. Kumburin saifa a ƙasarmu yawanci daga zazzaɓin cizon sauro ne, ko tsargiya, ko ciwon sikila, kowannensu kuwa asibiti ne wurinsa. Ko agugun nan ma da kakanninmu suka sha, yana da dafi, in ya yi yawa yana iya taɓa ido, yanzu kuwa akwai ƙwayoyin maganin tsila da suka fi shi aminci.

Mu koma kan zanen. A da, kafin tsaga ta ja baya, in baƙo ya sauka a zaure ba sai an tambaye shi daga ina ba. Dattawa su dubi kumatunsa su ce wannan Bagobiri ne, wannan Bakabe ne, wancan Babarbare. Haka mai ilmin tsirrai ke yi da dangin agugu. Tun da ba su da fure, ta fuskar ganye kuwa da yawansu kusan ɗaya su ke, abin da ya rage masa shi ne ya juya ganyen ya karanta askar da ke baya. Kowane gida da irin tasa. Waɗansu ɗigo-ɗigo ne zagayayyu. Waɗansu a bakin ganye ta ke, bakin ya lanƙwaso ya rufe ta kamar kalmasar riga, kamar yadda gidan Pteris ke yi. Dafaddu kuwa shafe wani yanki na bayan ganyensa ya ke yi gaba ɗaya kamar an yaɓa masa laka. Askar gidan Asplenium ita ce miƙaƙƙen zane, wanda ya kwanta a jikin jijiyar ganye, a gefe ɗaya nata kaɗai, ya karkata daga ƙashin tsakiya ya nufi baki, ɗaya na bin ɗaya kamar ƙayar kifi. Sa'ad da zanen ke ɗanye, akwai wani siririn marfi fari-fari da ke lulluɓe da shi, a manne ta gefen jijiya, a sake ta ɗaya gefen, kamar bangon littafi. In irin ya nuna sai marfin ya ja da baya, launin ƙasa ya bayyana. Wannan magana ta gefe ɗaya ba ƙarama ba ce, domin akwai wani gida, Diplazium, mai miƙaƙƙen zane shi ma, amma sau da yawa nasa biyu ne sun ba juna baya, jijiya a tsakaninsu.

Wanda ke da gilashin ƙara girman abu, irin na masu gyaran agogo, yana iya neman shaida biyu bayan wannan. A gindin ganye akwai waɗansu ƙananan ɓawo baƙi-baƙi kamar ƙaiƙayi. Na Asplenium in ka duba su da gilashi za ka ga sun yi ido-ido kamar ragar kamun kifi, zaren baƙi, tsakaninsa fili. In kuma ka yanka karan ganyen a gicciye, can ƙasa za ka ga igiyoyin ruwa biyu sun ba juna baya, in ka ɗan hau sama ka sake yankawa sai ka tarar sun haɗe sun zama kamar harafin X. Wanda ya sami zane mai marfi ɗaya, da raga, da wannan harafi, ba shi da sauran shakka.

Dalilin da ya sa na ke nanata a juya ganye shi ne, a kudancin Nijeriya akwai wani tsiro da ke ruɗin mutane ƙwarai, sunansa Microsorum punctatum. Yana nan birjik a jikin kwakwar manja da tsofaffin itatuwa, ganyensa dogo ne guda ba tsaga, kore shar, in ka hango shi daga ƙasa ka rantse ɗan'uwan na tukunyar Ikoyi ne. Amma kama da wane ba wane ba ne. Juya bayansa, ba zane ko ɗaya, sai ƙananan ɗigo barkatai kamar an barbaɗa garin yaji, ba su da marfi. Saiwarsa kuma rarrafe ta ke yi a jikin itace, saboda haka ganyensa ba su yin kwando sosai. Masu tallar furanni a bakin titi su kan ɓamɓaro shi daga daji su dasa a tukunya su sayar da sunan wancan, wani da sani, wani ba da sani ba.

Shi wanda ke yin kwandon, a harsuna da yawa sunansa sheƙar tsuntsu, Linnaeus ma da ya kira shi Asplenium nidus abin da ya ke nufi ke nan, don kalmar ta biyu sheƙa ce da Latin. Ba ɗan kurminmu ba ne. Gidansa kudu maso gabashin Asiya da tsibiran tekun Fasifik, ana kuma samun irinsa a Madagaska da gaɓar gabashin Afirka. A daji ganyensa kan kai ƙafa 4 ko 5, faɗinsa inci 4 zuwa 8. Zanen yana fitowa a rabin ganye na sama kaɗai, ya tashi daga kusa da ƙashi ya tsaya wajen rabin hanya bai kai baki ba. Amma babbar alamarsa tana can bakin ganye. Ɗaga ganyen ka sa shi tsakaninka da haske: jijiyoyin nan masu yawa da suka jeru, da sun kusa baki sai wata siririyar jijiya ta bi ta ɗinke kawunansu duka, kamar zaren da tela ke bi da shi a gefen zane. Na ga wannan ɗinki a guntun da aka aiko mini.

Sai dai masu wannan ɗinki ba ɗaya ba ne, nan ma kuwa masu sayarwa su kan haɗa su duka su kira su nidus. Holttum, wanda ya daɗe yana shugabancin lambun tsirrai na Singafo, ya warware su a 1974, ya nuna cewa ƙashin tsakiya ne abin dubawa. Shafa bayan ganye da yatsa. In ƙashin a kwance ya ke ko a ɗan mulmule, alamar nidus ke nan. In kuwa ya yi tudu mai kaifi kamar gindin kwalekwale, wannan Asplenium australasicum ne, mutumin gabashin Ostareliya. Akwai na uku, Asplenium antiquum, na Japan da Taiwan, mai siraran ganye, zanensa kan miƙe har kusa da baki. Naka, Malam, ƙashinsa da kaifi, saboda haka na fi karkata ga cewa ɗan Ostareliya ne. Na ce na fi karkata, domin su kansu masana abin yana ba su wuya. A 2001 waɗansu masana na Japan da Indunusiya suka bincika ƙwayoyin gado na sheƙar tsuntsu a dutsen Halimun da ke yammacin Jawa, suka tarar da iri 3 a kurmi ɗaya, a ido ba su da bambancin kirki, amma ba su barbarar juna yadda 'yan iri ɗaya ke yi.

Mu ma muna da namu, ko da ya ke ba a san shi a kasuwa ba. Sunansa Asplenium africanum, wani Bafaranshe mai suna Desvaux ya raɗa masa a 1827. Yana fitowa a jikin itatuwa a kurmin kudu, ganyensa guda ne ba tsaga, da miƙaƙƙen zane a baya, amma ya fi na Asiya siriri, yana da kara a gindi kafin ganye ya buɗe, jijiyoyinsa kuwa kowace ta ƙare ita kaɗai, babu ɗinki a baki. Da wannan kaɗai za ka raba baƙo da ɗan gida. Sauran 'yan gidan nan na ƙasarmu ba su ma yi kama da ganyen ayaba ba. Asplenium aethiopicum, wanda ke son tuddai masu sanyi irin su Obudu da Mambila, ganyensa a yayyanke ya ke ƙanana-ƙanana kamar na karas, amma juya shi, askar gidan tana nan. Asplenium emarginatum kuwa, wanda Palisot de Beauvois ya ba suna, wani Bafaranshe da ya sauka ƙasar Warri da Bini a 1786 yana tattara tsirrai, shi a ƙarshen ganyensa akwai 'yar tsaga, a cikinta ya kan fid da toho wanda in ya taɓa ƙasa sai ya zama sabon tsiro. Alston ya tsara na Afirka ta Yamma duka a littafinsa da aka buga a 1959, busassun samfurinsu kuwa suna nan a ma'ajiyar tsirrai ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, inda aka adana samfurin tsirrai fiye da 100,000. Abin da ke ba ni takaici shi ne ana ɗauko baƙo daga wata uwa duniya a saya da tsada, na gida kuwa ko sunansa ba mu sani ba.

To, garin da ya biyo yatsa fa? Kowane zane cike ya ke da ƙananan jakunkuna waɗanda ido ba ya rabewa, kowace jaka kuwa galibi tana ɗauke da ƙwayar ƙura 64. Ƙwayoyin nan sai ka jera 20 ko fiye kafin su cika milimita ɗaya. A bayan kowace jaka akwai wata 'yar igiya mai gaɓa-gaɓa. In iska ta bushe sai igiyar ta janye ta tsaga jakar ta lanƙwasa ta baya, sa'an nan ta sake ta farat ɗaya kamar majajjawa, ƙurar ta watsu, iska ta ɗauka. Turawan da sun daɗe suna neman irin waɗannan tsirrai ba su gani ba, har suka ƙaga cewa irin ɓoyayye ne, wanda ya dace ya same shi a wani dare na tsakiyar bazararsu zai ɓace wa idon mutane, watau dai layar zana tasu ke nan. Sai a 1794 aka buga bayanin wani likita mai suna Lindsay da ke aiki a Jamaika, wanda ya shuka ƙurar a tukunya ya zauna yana dubawa har tsiro ya fito. A 1851 kuma Hofmeister, wani Bajamushe mai sana'ar sayar da littattafai, ya bayyana yadda abin ke gudana daga farko har ƙarshe.

Abin mamakin shi ne ƙurar ba ta fid da tsiron da ka sani kai tsaye. In ta faɗi wuri mai danshi, sai ta zama wani ɗan koren abu shimfiɗaɗɗe, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, da 'yar tsaga a gaba. A ƙarƙashin wannan ɗan abu ne gaɓar namiji da ta mace ke fitowa, kuma dole sai da ruwa, ko da raɓa ce, domin ƙwayar namiji iyo ta ke yi ta je ta sami ta mace. Daga nan ne ganyen fari ke tasowa, ɗan koren abin ya shanye. Wannan iyo shi ne sirrin rabon dangin agugu a ƙasarmu. Ƙurarsu tana iya kaiwa Sakkwato ko Nguru a iska, amma ina za ta sami makonni na laima a inuwa? Saboda haka in ka taso daga arewa sai ka kai bakin rafuka masu duhuwa, ko kurmin Kagoro, ko kwazazzaban Jos, kafin ka soma ganinsu sosai, daga Kwara zuwa teku kuwa har a jikin katanga su ke fitowa.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda a ganina ta fi ta fari nauyi, domin ba tukunya ɗaya ta shafa ba. Bahaushe in ya ga tsiro a kan itace, kauci ne ke fara zuwa masa a rai, kuma yana da hujja. Kauci ɓarawo ne. Tsuntsu ke cin 'ya'yansa ya goge ƙwayar mai danƙo a reshe, ta tsiro ta huda ɓawo ta kafa bakinta a cikin naman itacen tana shan ruwansa, har wurin ya kumbura reshen ya bushe. Manoman koko da goro da lemo sun san ɓarnarsa, mu ma mun san ta a jikin kaɗanya da ɗorawa. Yana da fure ja kamar tsinken ashana, yana da 'ya'ya. Sheƙar tsuntsu kuwa ɗan haya ne mai dafa abincinsa. Saiwarsa a bayan ɓawo ta ke tsayawa, riƙo kawai ta ke yi, in ka ɓamɓare ta za ka ga jikin itacen ba rauni. Kwandon nan shi ne gonarsa. Busassun ganye da kashin tsuntsaye da ƙura suna faɗowa ciki, ruwan sama ya bi ganyen ya gangara tsakiya kamar mazurari, abin ya ruɓe ya zama taki, saiwa ta shiga ciki ta sha. Tsofaffin ganyensa ma ba ya yar da su, su kan sunkuya ƙasa su riƙe takin. Iyakar laifin da za a ɗora masa shi ne nauyi, in ya girma ƙwarai a kan raunannen reshe. Saboda haka 'yan'uwanmu da ke aikin ƙodago a gonakin goro na Shagamu da na koko a Ondo, in an ce ku sare kauci ku sare kauci, amma mai zane a baya, da mai ɗigo, da dafaddu, ba su ci wa kowa komai ba.

Ba ma wannan kaɗai ba. A 2004 waɗansu masana biyu na Jami'ar Kambirij, Ellwood da Foster, suka buga sakamakon aikin da suka yi a kurmin Danum da ke Sabah a tsibirin Borniyo. Sun hau manyan itatuwa suka sauko da sheƙar tsuntsu ɗungum, wadda babbarta kan kai nauyin kilo 200, suka tsefe ta suka auna abin da ke ciki: tururuwa, gara, kyankyaso, tana, shanshani, ƙadandoniya da sauransu. Suka tarar cewa nauyin ƙananan halittun da ke cikin babbar sheƙa guda ya yi daidai da na waɗanda ke sauran kan itacen duka. Watau lissafin da a ke yi a da na halittun saman kurmi, rabi kawai aka ƙidaya. Wannan a Borniyo aka auna, amma duk wanda ya taɓa ganin an kayar da babban itace a kurmin Omo ko na Oban ya san yadda rassansa ke sauka da kaya: dangin agugu iri-iri, da gansakuka, da baƙar ƙasa mai sanyi wadda ba ta taɓa taɓa doron ƙasa ba. Mai yankan katako gungume ya ke so. Sauran a nan a ke barinsu cikin rana, kafin 'yan kwanaki sun bushe. In kuma aka share wurin aka dasa malaina a jere, an mai da itace, amma ba a mai da masu haya ba, domin su tsohon ɓawo su ke so da inuwar da ba ta yankewa. Shi ya sa wurare irin su gandun Kuros Riba, da Okomu, da Gashaka Gumti, da ɗan kurmin Ngel Nyaki a kan Mambila su ke da daraja fiye da kuɗin katakon da ke cikinsu. Na sha jin ana cewa an sare guda an dasa goma, kamar an biya bashi har da riba. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ɗaga kai ya dubi abin da ke kan gudan ba.

Saura abin da za ka yi da tsiron uwargida. Da fari leƙa tsakiyar kwandon. Wurin nan mai gashi-gashi launin ƙasa shi ne ransa, daga nan kaɗai ganye ke fitowa. In ka ga ƙananan ganye a naɗe, kore, da ƙarfinsu, to bai mutu ba, ka roƙi uwargida ta ba ka wata 3 kafin a taɓa albashi. Yanke ganyen da suka ƙone ƙurmus daga gindi, ka bar duk mai sauran kore. Ajiye shi inda akwai haske amma rana ba ta dukansa, nesa da iskar na'urar sanyaya ɗaki, wadda a wurinsa hunturu ce ta kullum. Zuba ruwa a ƙasar gefen tukunya, kada ka cika tsakiyar, don a kan itace ruwan wucewa ya ke yi, a tukunya kuwa kwanciya ya ke yi ya ruɓar da zuciyar. In za ka sake masa ƙasa, haɗa ɓawon kwakwa da gawayi da ruɓaɓɓen ganye, kada ka sa jar ƙasa mai danƙo. Maganin ƙwari kuwa ka raba shi da shi, dangin agugu ba su jure wa yawancinsu.

Ba na ce ba ya cuta ba. Akwai waɗansu ƙwari masu ɓawo da ke manne masa, launinsu ɗaya da na zanen, amma su barkatai su ke, a sama da ƙasa da jikin ƙashi, ganyen ya riƙa danƙo, in ka sa farce sai su ɓalle ɗaya-ɗaya. Tsumma da ruwan sabulu kaɗan ya ishe su. Akwai kuma wata ƙaramar tsutsa da ido ba ya gani, mai shiga cikin naman ganye ta bar baƙin shaci tsakanin jijiyoyi, amma shi wannan shaci a shafe ya ke, ana ganinsa ta fuska da ta baya, ba ya fid da gari. Irin wannan ganye shi ne na yankewa a ƙone.

In ganye mai zane ya sake fitowa, ga abin da zan so ka gwada. Sheƙar tsuntsu ba a raba ta biyu kamar albasa, tun da zuciyarta ɗaya ce, saboda haka ƙurar nan ita ce hanya. Yanki guntun ganye wanda zanensa ya nuna, ka kifa shi a kan farar takarda a ɗakin da ba iska, ka bar shi kwana 2. In ka ɗaga za ka ga hoton zanen ya fito a takardar da gari mai laushi. Sami ƙaramin kasko ka zuba dakakken tubali da ruɓaɓɓen ganye, ka kwarara masa tafasasshen ruwa don ya kashe abin da ke ciki, in ya huce ka barbaɗa garin a sama kada ka binne, ka rufe da farar leda ko gilashi, ka ajiye a inuwa, kaskon yana zaune cikin faranti mai ɗan ruwa. Bayan 'yan makonni za ka ga kore-kore kamar gansakuka, kada ka zubar, shi ne ɗan shimfiɗaɗɗen abin da na faɗa. Bayan waɗansu watanni ganyen fari zai ɓullo. Aiki ne na haƙuri, ya kan ci shekara ko fiye kafin su isa dasawa a tukunya, amma daga guntun ganye ɗaya kana iya samun tsirrai da dama, ka mayar wa uwargida nata, ka sayar da saura.

Masu karatu na Gembu da Obudu da Jos da Kafanchan, wanda ya ga ɗaya daga cikin dangin nan a wurinsu yana son sanin sunansa, ya tsinko ganye guda cikakke tun daga gindi, wanda ke da zane ko ɗigo a baya, kada ya tumɓuke tsiron. Ya shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu ya danne da abu mai nauyi har ya bushe, ya rubuta garin da ya same shi, da ko a kan itace ne, ko dutse, ko ƙasa, ya aiko wa wannan fili. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maɗaci inda muka tsaya.